Ƙanena ya wayi gari ƙafafu sun ƙi ɗaukarsa, likita kuma ya ce a gwada ƙwayar maƙogwaro

Abban_Sadiq: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawarar masu sani nake nema. Ƙanena ne, shekararsa 28, lafiyayye, ɗan ƙwallo ma. Daren Talata ya dawo daga fili, ya ci shinkafa da taliya sosai, ya kora da lemon kwalba, ya kwanta. Da aka kira assalatu ya yunƙura zai tashi, ƙafafu suka ƙi. Maganarsa garau, in an taɓa shi yana ji, bakinsa bai karkace ba, amma ɗaga cinya ya gagara, hannuwan ma sun yi nauyi. Muka ciccibe shi sai asibiti. Aka ɗebi jini aka ce sinadarin fotasiyam ɗinsa ya sauka zuwa 2.1. Aka ɗaura masa ruwa da magani, kafin la'asar ya miƙe da ƙafarsa kamar ba shi ba. Ya taɓa yin irin haka a baya, sai dai bai kai wannan tsanani ba. Yanzu likitan ya rubuta mana gwajin tayirod, wai ƙwayar nan ta gaban wuya. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, mene ne haɗin maƙogwaro da ƙafa? Wuyansa bai kumbura ba, ba shi da maƙoƙo. Gwajin kuma da ɗan tsada. Mahaifiyarmu ta ce iska ce. Mu yi gwajin ne, ko mu saya masa ƙwayar fotasiyam ya riƙa sha kawai?

Maman_Ilham: Wa alaikumus salam. Subhanallah. Allah ya ba shi lafiya mai ɗorewa. Ni dai shawarata ku yi abin da likita ya ce, ko da rance ne.

DanKurmi77: Wannan ai dannau ne malam. Ya riƙa yin addu'ar kwanciya, ya daina kwanciya rigingine.

Nas_Hauwa: DanKurmi77, dannau daban. Shi dannau daƙiƙoƙi ne ko 'yan mintuna, mutum ba ya iya magana ma, kuma da zarar an girgiza shi ya wartsake. Wannan yaron tun asuba har wajen la'asar yana kwance yana hira da mutane. Sannan dannau ba ya saukar da fotasiyam. Na mai lafiya tsakanin 3.5 ne zuwa 5.0. A ce 2.1, wallahi zuciya ma tana cikin haɗari a lokacin, don da wannan sinadarin take daidaita bugunta. Kun yi dabara da kuka garzaya asibiti.

Likita_Penang: Malam Abban_Sadiq, sannu da ɗawainiya. Ba na yanke hukunci a kan mara lafiyar da ban gani ba, amma kafin in ce komai, amsa mini waɗannan. Ya rame a 'yan watannin nan alhali yana cin abinci da yawa? Yana yawan zufa ko jin zafi lokacin da kowa ke jin daɗin gari? Zuciyarsa na bugawa da sauri ko yana zaune? In ya miƙa hannu yatsunsa na rawa? Barcinsa fa? Akwai wani a dangi da ya taɓa irin wannan shanyewar?

Abban_Sadiq: Likita, kamar kana gidanmu. Ya rame ƙwarai, mun ɗauka ƙwallo ce. Ci kuwa ya ninka. Lokacin hunturu kowa na cikin bargo shi yana neman fanka. Ya zama mai saurin fushi, abin da ba halinsa ba. Rawar hannu ban lura ba sai yanzu da na sa ya miƙa, akwai ta kaɗan. A dangi babu wanda ya taɓa yi.

Likita_Penang: To likitanku ya san abin da yake yi, ku riƙe shi da kyau. Abin da yake zargi cuta ce da likitoci ke taƙaita sunanta da TPP, wato shanyewar jiki ta wucin gadi da ke zuwa wa mai tayirod ɗin da aikinta ya wuce kima.

Ga haɗin wuya da ƙafa. Wajen kashi 98 cikin ɗari na fotasiyam ɗin jikin mutum yana cikin ƙwayoyin jiki ne, musamman tsoka. Ɗan abin da ya rage ne ke yawo a jini, kuma shi ake aunawa. A jikin kowace ƙwayar tsoka akwai wani famfo da ke fitar da sodiyam ya shigar da fotasiyam. Sinadarin tayirod in ya yi yawa yana ƙara yawan famfunan nan, yana ƙara musu sauri. Insulin ma yana zaburar da su, shi kuwa insulin yana tashi ne bayan an ci abinci mai sitaci ko zaƙi da yawa. Haka adirenalin na motsa jiki. To ka haɗa: tayirod ta riga ta yi sama, ya buga ƙwallo, ya ci shinkafa da taliya da lemo, ya kwanta. Cikin dare fotasiyam ya kwarara daga jini zuwa cikin tsoka, tsokar ta kasa amsa umarnin jijiya. Shi ya sa yawanci cikin dare ko da asuba abin ke zuwa, kuma cinyoyi da ƙugu yake fara kamawa.

Abin da nake so ka riƙe shi ne fotasiyam ɗin bai fita daga jikinsa ba. Kamar mutanen gida ne suka bar tsakar gida suka shige ɗakuna, wanda ya leƙo sai ya ce ba kowa. In ka cika tsakar gidan da baƙi, anjima masu gida su fito, wuri ya yi cunkoso. Haka yake faruwa in aka loda wa irin wannan mara lafiyar fotasiyam da yawa: na cikin tsoka ya dawo jini ya haɗu da wanda aka ƙara, ya haura sama fiye da kima, wannan kuma yana iya tsayar da zuciya. Don haka maganar saya masa ƙwayar fotasiyam ya riƙa sha kullum, a bar ta. Ba ta hana abin dawowa, tunda tushen yana wuya.

Abban_Sadiq: Allah ya saka da alheri likita. Amma ai na ce wuyan bai kumbura ba.

Nas_Hauwa: Kumburin wuya da yawan aikin ƙwayar ba dole su zo tare ba. Akwai mai ƙaton maƙoƙo saboda ƙarancin aidin a abinci, amma sinadarin nasa daidai yake ko ma ya yi ƙasa. Akwai kuma wanda wuyansa sumul, amma ƙwayar na aiki kamar ana korarta. Jini ne kaɗai ke bambancewa.

Alhaji_Canton: Ni ba likita ba ne, ɗan kasuwa ne, ina zuwa Guangzhou ta ƙasar Chana sarin kaya. Yaron da ke haɗa mana kaya a sito, ɗan ƙasar ne, matashi, wata safiya aka ce ya kasa tashi daga gado. Hankalina ya tashi, na ce shi ke nan shanyewar ɓarin jiki ta kama yaro ƙarami. Abin mamaki abokan aikinsa ba su firgita kamar ni ba. A asibiti suna ganinsa suka auna fotasiyam da tayirod tare, ba wani dogon bincike. Bayan kwana kaɗan ya dawo aiki. Mai yi mini tafinta ya ce a can sanannen abu ne ga maza matasa.

Sani_Mai_Waya: To in cutar mutanen Chana ce, me ya kawo ta jikin Bahaushe? Kar dai a ɗora wa yaro cutar da ba tasa ba don an karanta a littafi.

Likita_Penang: Malam Sani, tambayarka na kan hanya. Gaskiya ne ta fi yawa a gabashin Asiya: Chana, Japan, Koriya, Biyetnam, Filifin. A Chana da Japan kusan mutum 2 cikin 100 na masu yawan aikin tayirod suna gamuwa da ita, a Amurka ta Arewa kuwa 1 ne zuwa 2 cikin 1,000. Wani likitan Japan mai suna Shinosaki ne ma ya lura tun 1926 cewa masu irin wannan shanyewar a ƙasarsu da yawansu suna da ciwon tayirod. A nan Malesiya inda nake aiki, duk wanda ya yi dare a sashen gaggawa ya san ta. Amma an same ta a Turawa, an same ta a Larabawa, an same ta a baƙar fata. Ƙarancinta a wurinmu ba ya nufin babu. Ni a ganina ma wasu suna wucewa ne ba a gane su ba, tunda mutum kan miƙe da kansa bayan wasu awanni, sai a ce jifa ne ya warware.

Wani abin lura: ciwon tayirod mata ya fi kamawa nesa ba kusa ba, amma wannan shanyewar kusan duk maza ne, yawanci 'yan shekara 20 zuwa 40. A 2010 masu bincike suka gano canji a wani ƙwayar gado mai suna KCNJ18 a jikin wani kaso na masu cutar, sai dai ba kowa ke da shi ba.

Hajiya_Tabawa: Ku jiƙa masa jar kanwa ya riƙa sha da safe. An ce tana da wannan fotasiyam ɗin. Mu da ita muka tashi.

Famasis_Zazzau: Hajiya, da girmamawa, don Allah kar a ba shi. Kanwar da muke sawa a miyar kuka da wake mafi yawanta gishirin sodiyam ne, fotasiyam ɗin cikinta kaɗan ne. Abinci mai gishiri da yawa ma yana cikin abubuwan da ke tayar da wannan ciwon. Ayaba da dabino da lemon zaƙi suna da fotasiyam, ba laifi a ci daidai misali, amma su ma ba su ne maganin ba, kuma in an cika su ai zaƙi ne, mun koma kan insulin ɗin da likita ya yi bayani.

Hajiya_Tabawa: To ɗana, na ji. Allah ya ƙara sani.

Malam_Na_Zaure: Game da maganar mahaifiyarku, kar ku yi jayayya da ita har ranta ya ɓaci. Uwa ce, tsoro ne ya kama ta. A yi masa addu'a, a tofa masa, a kuma je a yi gwajin. Addini bai hana neman magani ba, umarni ma ya yi da shi. Abin da ba zan goyi baya ba shi ne a ajiye mutumin da ya kasa motsi a ɗaki ana hayaƙi, alhali nas ta ce zuciyarsa na iya tsayawa.

Bash_Gwammaja: Na daɗe ina karantawa ban yi niyyar magana ba, amma ni wannan abin a jikina ya faru. Lokacin ina ɗan shekara 31. Farkon abin a wani asibiti mai zaman kansa aka kai ni, ba a auna fotasiyam ba ma, aka ce taifot da maleriya, aka ɗaura mini ruwan sukari. Wallahi maimakon sauƙi sai hannuwana ma suka mutu, ina kallon kofi ba na iya ɗauka. Daga baya ne na fahimci ruwan sukarin ya ƙara tura fotasiyam ɗin cikin tsoka. Na yi ta fama, yau lafiya gobe kwance, har aka fara cewa a gidan surukaina ina da farfaɗiya ko an yi mini sammu. Mafi muni a watan azumi ne. In sha ruwa da kunu mai sukari da ƙosai da soyayyar doya, bayan tarawi in ɗora tuwo, da sahur a tashe ni in kasa sauko da ƙafa. Sai da wata likita a asibitin koyarwa ta kalli idanuna ta ce sun ɗan firfito, ta riƙe hannuna ta ji bugun jini, ta ce a gwada tayirod. Cutar Graves ce, wadda ke sa tayirod aiki fiye da kima. Tunda sinadarin ya daidaita ban sake faɗuwa ba ko sau ɗaya. Abban_Sadiq, kuɗin gwajin nan bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da na kashe a yawon neman magani ba. Ka je ka yi.

Maman_Ilham: Allahu akbar. Malam Bash, Allah ya ƙara lafiya. To yanzu kana yin azumi?

Bash_Gwammaja: Ina yi lafiya lau Hajiya. A shekarar da ake daidaita ni ne likita ta ce in dakata, na rama daga baya. Amma har yau ba na yi wa buɗa-baki hawan ƙawara, kaɗan-kaɗan nake ci.

Ummu_Nana: Ni ma ina da Graves, shekara ta biyu ke nan ina shan karbimazol, maganin rage aikin tayirod, amma ban taɓa shanyewa ba, alhamdu lillahi. Nawa faɗuwar gaba ce da rama da rashin barci, har aka ce mini damuwa ce kawai. Abin da zan ƙara, in an ɗora shi a kan wannan maganin, duk ranar da ya ji zazzaɓi da ciwon maƙogwaro ko gyambon baki, ya dakatar da shi ya je a duba jininsa a ranar. Yakan rage fararen ƙwayoyin jini a wasu mutane ƙalilan. Ni an gaya mini tun ranar farko, amma na haɗu da mata a layin asibiti da ba su taɓa jin wannan gargaɗin ba. Mace mai neman haihuwa kuma ta sanar da likita, don akan canja mata magani a farkon ciki.

Famasis_Zazzau: Gaskiya ne Ummu_Nana. Bari in ƙara wani abu da ke damuna a kanti. Ƙanen Abban_Sadiq ya rame, kuma na san halin mutanenmu, wani zai ce a saya masa sha-ka-fashe ya murmure. Yawancin waɗannan ƙwayoyin akwai wani magani mai suna deksametazon a ciki, shi da danginsa kuwa suna tayar da wannan shanyewar. Akwai kuma samari masu ɗaga ƙarfe da masu son rage ƙiba da ke sayen wasu ƙwayoyi ta intanet waɗanda aka zuba wa sinadarin tayirod. Mutum da lafiyayyar tayirod ya jawo wa kansa cutar da kuɗinsa. A tambayi yaron a keɓe ko yana shan wani abu irin wannan.

Abban_Sadiq: Na tambaye shi mu biyu, ya rantse ba ya shan komai sai lemon ƙara kuzari kafin wasa.

Issoufou_Maradi: Salamu alaikum. Ni ban yarda a ce duk wanda ya yi haka tayirod ce ba. Ɗan wana a nan Maraɗi tun yana ɗan shekara 14 yake wannan faɗuwar, ubansa ma haka ya yi da ƙuruciya. Munka kai shi Yamai anka gwada tayirod, lafiya lau take. Kar ku sa wa mutane rai da abu guda.

Likita_Penang: Malam Issoufou, maganarka daidai ce, kuma ita ce babbar hujjar yin gwajin. Abin da ka kwatanta ya yi kama da na gado, wanda ke farawa tun kafin shekara 20 kuma yana bin dangi. A ido iri ɗaya ne da na tayirod, amma magani ya bambanta. Akwai maganin da ake ba masu na gado, asetazolamaid, wanda ba ya taimakon mai na tayirod, yana ma iya ƙara masa. Sannan gudawa mai tsanani, amai, magungunan sa fitsari da wasu cututtukan ƙoda duk suna saukar da fotasiyam har ƙafa ta mutu, su kuma a nan sinadarin fita yake yi daga jiki da gaske. Akwai ma shanyewar da ba ruwanta da fotasiyam, kamar Guillain-Barré da ke hawowa daga ƙafa a hankali cikin kwanaki, ko matsalar laka. Shi ya sa ba a zama a gida ana canka.

Sani_Mai_Waya: Duk na ji, amma ku masu asibiti ba ku duba aljihun talaka. Gwaji uku aka rubuta masa fa, na san yadda ake yi.

Nas_Hauwa: In kuɗi ya yi kaɗan, ya koma ya gaya wa likitan gaskiya. Ana iya fara TSH shi kaɗai, wato gwajin sinadarin da ke umartar tayirod ta yi aiki, wanda ke sauka in aikinta ya wuce kima. In ya fito daidai, da wuya a ce ƙwayar na aiki fiye da kima. In ya yi ƙasa sosai sai a bi da T4 da T3, sinadaran da ita tayirod ɗin ke fitarwa. Amma likitansa ne zai tsara masa, ba mu ba.

Abban_Sadiq: Jama'a na dawo. Mun yi gwajin duka. TSH ya yi ƙasa har na'urar ta rubuta bai kai 0.01 ba, T4 kuma ya haura sosai. Likita ya ce Graves ce. Ya ɗora shi a kan karbimazol da propranolol, ya hana shi ƙwallo da lemon kwalba da cika ciki da dare har sai an ga yadda jini zai yi, ya kuma tura mu asibitin koyarwa wajen ƙwararru. Hajiyarmu ta ce ita dai ba za ta fasa karɓo masa rubutu ba, na ce mata ba komai. Yanzu shi damuwarsa biyu: zai koma fili kuwa? Kuma an sa ranar aurensa bayan babbar salla, yana tsoron ko 'ya'yansa za su gada.

Famasis_Zazzau: Alhamdu lillahi da aka gano. Propranolol ɗin shi ke rage wa famfon nan gudu kafin karbimazol ya kama, don shi karbimazol yana ɗaukar makonni. Ina fata an tambaye shi ko yana da asma, don mai asma ba a ba shi propranolol. Kuma kar ya yanke shi rana ɗaya don ya ji sauƙi.

Likita_Penang: Zai koma fili in sha Allah, da zarar sinadarin ya dawo daidai kuma likitansa ya ba shi izini. Muddin tayirod na daidai, shanyewar ba ta zuwa. Kafin nan, in ya sake jin ƙafafu sun yi nauyi, ko numfashi na yi masa wuya, ko zuciya na tsalle, a tafi asibiti nan take, a kuma gaya musu yana da tayirod don kar a ɗaura masa ruwan sukari. Batun gado, ciwon tayirod yakan bi dangi, amma ba dole ba ne ɗa ya samu, kuma ba dalilin fasa aure ba ne. Ya dai sanar da yarinyar da iyayenta.

Bash_Gwammaja: Shawarata ya tambayi ƙwararrun maganar magani na dindindin tun yanzu. Ƙwayoyin nan akan sha su wata 12 zuwa 18, kuma kusan rabin mutane ciwon na dawo musu bayan an daina. Mu masu faɗuwa in ya dawo, da faɗuwar yake dawowa. Ni aidin mai tururin nukiliya aka ba ni na sha, ƙwayar ta lafa gaba ɗaya, yanzu ina shan tairoksin, madadin sinadarin tayirod, ƙwaya ɗaya kowace safiya. Na fi samun kwanciyar hankali a haka.

Ummu_Nana: Malam Bash, ni kam ban ga dalilin gaggawa ba. Ka kashe ƙwayar ka koma shan magani har ƙarshen rayuwa, alhali akwai yiwuwar ta warke da kanta bayan shekara ɗaya da rabi? Ga shi ango ne, kuma wanda ya sha aidin ɗin akan ce ya jinkirta neman haihuwa na wasu watanni. A bar shi ya gwada ƙwayoyin tukuna.

Bash_Gwammaja: Ke ba ki taɓa kwanciya kina kallon ƙafarki ta ƙi motsi ba Hajiya, shi ya sa. Ba ina raina naki ciwon ba ne.

Ummu_Nana: Na fahimce ka. Amma ka san ba kowane gari ake samun wannan aidin ɗin ba, na ji sai an je irin su Ibadan ko Abuja. Wanda ba shi da hali fa?

Issoufou_Maradi: Akwai tiyata ma ai, a cire ƙwayar. Wata ƙanwar matata haka anka yi mata. Likita_Penang, tsakanin ukun nan wanne kuka fi zaɓa wa namiji matashi a can inda kake? Kuma ɗan wan nawa mai na gado, ko akwai abin da za a yi masa ya daina faɗuwa lokacin aikin gona?

Abban_Sadiq: Ni ma ina jiran amsar nan. Ranar Litinin za mu ga ƙwararrun, ina so in san abin da zan tambaye su.